Na Ƙarshe a Layi

A ɗakin jiran wani asibiti a unguwar Harlem, Hakeem direban tasi ya ƙyalla ido ya ga hular matuƙin jirgin sama a cinyar dattijon gefensa.

"Kyaftin guda a bencinmu na talakawa?"

"Da ke nan, ɗana. Kamfaninmu ya rushe. A sabon kamfanin ba ruwansu da shekaruna ashirin na aiki, ni ne na ƙarshe a layi. Zaman jiran kira nake."

"In sun kira fa?"

"Awa biyu in isa filin jirgi, ko su sallame ni."

"Wa ka kawo?"

"Uwargida. Ana mata tiyata."

Sai na'urar kiran da ke ƙugun dattijon ta hau tsuwa. Murmushin Hakeem ya ɗauke.

"Baba, taso, motata na waje."

Dattijon ya dubi ƙofar tiyata, ya kashe na'urar.

"Zauna, ɗana. Ba ta fito ba."