Kaftani Mai Hannu Ɗaya

A tashar Konni ana jiran motar Illela ta cika, wani dattijo ya dubi saurayin da ke gefensa.

"Samari, ni gaisuwar Takama tela za ni. Allah ya jiƙan bawan nan, ban taɓa ganin mai son iyali irinsa ba. Har ya tsufa shi kaɗai ke taka keke, bai yarda ɗansa ya riƙe allura ba, wai kada ta soke shi."

"Amin, Baba. Amma wannan ai ɓata yara ne. Mu dai yabo kawai muka iya."

"Rufe mini baki, ɗan lakwal, bokon banza. Ka san shi ne?"

"Kaɗan."

"To ni na san shi. Shaddata ma tana wurinsa, jibi zan sa ta ɗaurin auren ɗiyata. In na yi gaisuwa, sai babban ɗansa ya ƙarasa mini."

"Shuɗin kaftanin nan mai hannu ɗaya?"

Dattijo ya juyo. "Yaya aka yi ka sani?"

"Ni ne babban ɗan, Baba." Saurayin ya buɗe masa tafukan hannunsa, sumul. "Duba da kyau, ko sau ɗaya ba ta soke ni ba."