Makullin Motar Yana Hannuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu sauraro. Daga Bungudu nake rubutowa da hannuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Bara na sayar da shanuna na gado, na saya wa ɗana na fari a-kori-kura 'yar Kwatano don ya riƙa kai hatsi kasuwar Tsafe. Dillalin da ya sayar mini a Gusau ya rantse mini sabuwa ce. Ashe fentin ne sabo.

Kullum man birkinta yoyo yake. Bakanike ya ce wa ɗan nawa: "Zuba ruwan sabulu, kowa haka yake yi."

Ran nan da lodin dawa ya taka birki, birkin ya ƙi. Motar ta faɗa gonar mutane, Allah ya tsare. Ya dawo da goshi a fashe, yana dariya wai: "Inna, mota kenan."

Na ɗauke makullin na ɓoye. Tun daga nan bai ƙara cin tuwona ba, matarsa ma gaisuwa kawai.

Malam, ku ba ni shawara. In ba shi, ko in haƙura da fushinsa? Mai fushi dai ina ganinsa kowace safiya.

Wassalam.