Jan Ruwan Lagireto

Mai shagon kayan mota yana goge kanta wata mata ta shigo neman ruwan lagireto.

"Ja ko kore, Hajiya?"

"Kore na zuba wancan karon."

Da ta faɗi irin motar, ya girgiza kai. "Ai wannan ja take sha, kuma ba a gauraya su. Doguwar tafiya kike yi ne?"

"Ina! Ban iya tuƙi ba. Tun rasuwar maigidana take ajiye, makullin yana jakata. Amma kullum da safe sai in tarar injin da zafi, ruwan ya ragu."

Hannunsa ya tsaya cak a kan jarkar ruwan da ya ɗauko. "To... jan dai za ki zuba."

"Shi ma maigidan haka ya ce min jiya. Har da faɗa."