Allon Roba da Hanyar Kuseri

A kasuwar Garwa, wata dattijuwa na ƙwanƙwasa allon roba mai kauri, wani tsoho na gefe yana kallonta.

"Hajiya, akurkin kaji za a yi?"

"Ina fa! Ɗana ke son liƙa shi a ƙofar motarsa. Wai in yana tare harsashi, zai koma jigila a hanyar Kuseri, ko da akwai 'yan fashi."

"Wannan? Na yi soja, na ga harsashi ya huda ƙarfe, balle roba."

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Yi haƙuri, na ɓata miki rai."

"Ɓata rai? Tun safe addu'ata ke nan! Taho, Malam, ka faɗa masa da bakinka. Ni ba ya jin tawa."