Olaya, Wadda Ba Ta Iya Zama Ba

Jawabin da Sabel Cueto ta yi a taron tunawa da Olaya Fanjul, a tsohon garejin mahaƙar kwal da ke kwarinmu na Asturiyas.

Ranki ya daɗe Magajiyar Gari, sannu da zuwa. Fada Amaro, limamin cocinmu, mun gode da ka tako har nan, alhali mun san ba irin wurin zuwanka ba ne. Inna Telva, mahaifiyar marigayiya kuma uwarmu duka, sannu da haƙuri. Pelayo, ɗan marigayiya, na hango ka can bakin ƙofa, sannu da haƙuri. Dattawanmu tsofaffin 'yan rami, 'yan babur na gida da waɗanda suka sha dukan ruwa daga nesa, makaɗa, maƙwabta, har da waɗanda suka sha kai ƙararmu saboda hayaniya, duk ina gaishe ku.

Colas, don Allah leƙa waje ka ce su kashe baburan nan. Ko muryata ba na ji.

Ni ce Sabel tela. Yawancin rigunan fatar da ke jikinku daga ƙarƙashin kekena suka fito. An zaɓe ni in yi magana ne saboda na fi kowa daɗewa ina faɗa da Olaya. Tun muna aji ɗaya muke yi, kuma ba mu gama ba ta tafi ta bar ni da sauran maganata a baki.

Kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya. Ku yi mini uzuri. Tun da muka binne ta duk haka muke. Colas ya wanke tukwanen giya har sun gaji da shi. Makaɗa sun zo sun ɗaura kaya, sun kwance, sun sake ɗaurawa. Kowa na jiran ƙofar nan ta bugu da ƙafa, a ce mana, "Me kuke yi a zaune kamar kaji a akurki?"

Ta kasance mace ce da kujera ba ta taɓa ɗumi a ƙarƙashinta ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take shan kofi, tana magana tana neman makulli. Ta kasance idan ta ce "gobe", to yau take nufi. Ta kasance mai saurin fushi, mai saurin dariya, mai wuyar ba da haƙuri. Ban zo in wanke ta ba, domin da na fara za ta taso ta ƙaryata ni.

Manya a cikinmu sun tuna yadda garin nan ya koma bayan an rufe ramin kwal. Samari suka yi ta hawa jirgin ƙasa, shaguna suka yi ta sauke ƙyaure. Mahaifin Olaya ya riga ya rasu da ƙurar kwal a huhunsa, mijinta ya tafi neman aiki bai waiwayo ba, ya bar ta da yaro a hannu. Kowa ya ce ta bi jirgi ita ma. Sai ta koyi walda. Rannan ta ja ni zuwa wannan gareji, rufin yana yoyo, tantabaru sun mayar da shi gidansu, ta buɗe hannu ta ce, "Sabel, kin ga fadarmu?"

Na ce, "Na ga kashin tantabaru."

Ta ce, "Ke dai ba ki da ido. Can kekenki, nan babura, can kiɗa. Ɗauki tsintsiya."

Na ɗauka. Duk wanda ke zaune a nan, akwai ranar da ta miƙa masa tsintsiya.

Ita ta haɗa wa Colas tukwanen dafa giya da tsofaffin ƙarafan mahaƙa. A ƙasar da ba a san komai ba sai giyar tuffa! Dattawa suka ɗanɗana ta farko suka tofar, ɗayansu ya ce, "Olaya, wane doki ne ya yi miki wannan?" Ta ce, "Baba, shanye, ta gaba za ta fi." Ta gaban ba ta fi ba. Amma yau ga su nan a layin gaba, kowa da kofinsa a ƙarƙashin kujera, kada ku zaci ban gani ba. Ita ce ta sa mai algaita ya tsaya kusa da mai jitar lantarki, ta ce su yi ta yi har su shirya. Ita ce ta hana ni ɗinka wa kowa riga irin ta wani, wai mu ba sojoji ba ne.

Ranki ya daɗe, ofishinki ya san sauran. Shekarar da ƙanƙara ta datse hanyar ƙauyukan sama, ita ta jagoranci masu kai magani da burodi, inda babur ya kasa ta sauka ta taka. 'Yan mata nawa ta koya wa walda a ɗakin nan, har suna cin abinci da ita yau? Kuma ita ta kafa mana al'adar nan: duk tsohon da ya rasu ba shi da kowa, babura za su raka shi makabarta, kada ya tafi shiru.

Sai ɗakin baya. Fada, toshe kunne ɗaya. Kowa ya san Olaya na shan wiwi, ba ta taɓa ɓoyewa ba, ba ta kuma taɓa cewa magani take sha ba. "Daɗi nake ji," abin da take cewa ke nan. Ta tara manya masu sha ta ce gara mu shuka namu, mu sha a ɗakinmu, da a riƙa aika yara lungu wurin 'yan iska. Ba a sayar wa baƙo, yaro ba ya shiga, wanda ya sha kuma ba ya taɓa babur, sai ta zare makullin ta jefa a aljihu. Daga ganyen take dafa man shafawa. Inna Telva, ki gafarce ni, ke ce kika miƙa mata gwiwa kika ce, "Ba na son in san abin da ke ciki. Shafa."

To, yanzu na zo inda kowa ke tsoron in zo.

Pelayo a ɗakin nan ya girma. Ita ta koya masa babur, kuma duk kwarin nan babu mai hannunsa a kwana. Da ya isa zaɓen aiki sai ya zaɓi kaki, ya zama ɗan sandan hanya. Ta ce, "Na koya maka gudu, ka tafi kana tare masu gudu?" Ya ce, "Mama, na gaji da raka abokaina makabarta." Gaskiya ya faɗa, ita kuwa ba ta son gaskiya a bakin wani.

Sannan ranar nan ta zo. Da hantsi, muna tsakiyar aiki, motoci suka tsaya a ƙofa da takardar kotu. An rasa isassun ma'aikata, aka haɗa da 'yan sandan hanya, aka tsayar da Pelayo a bakin ƙofa ya hana shiga da fita. Muna kallo aka tuge shukokin, aka zuba a buhu, aka sa wa Olaya ankwa. Da aka zo wucewa da ita ta gabansa sai ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Maɓallinka na sama ya kusa cirewa. Kai wa Sabel." Shi kuwa idonsa na kan bango.

Shari'a ta ja, daga baya aka sallame ta, ɗakin baya ya daɗe a rufe. Amma tsakanin uwa da ɗa, shekaru suka wuce babu ko gaisuwa. Idan ta hango shi a hanya sai ta sauke gilashin hular kwano. Mu kuma muka taya ta. Muka sa masa suna, kun san sunan, ba zan maimaita shi a gaban kakarsa ba. Shekaranjiya a wurin shirya taron nan har aka ɗaga murya, wasu na cewa idan ya shigo su za su fita. Shi ya sa yake tsaye a bakin ƙofa, a taron mahaifiyarsa.

Pelayo, ka roƙe ni kada in faɗi abin da zan faɗa. Ka yi haƙuri, ɗana. Ban yi maka alkawari ba, kai kawai na gyaɗa.

Kun san yadda ciwon daji ya cinye ta. Matar da ke ɗaga injin babur ta koma ba ta iya ɗaga kofi. Likita ya ce ko matakala kada ta sauka. Ita kuwa abu ɗaya take so, a kai ta mashigar Tarna, can saman duwatsu, a kan babur, ta ji iska. Ta roƙi Colas, ya ƙi. Ta roƙi duk wanda ya je gaishe ta, kowa ya ƙi, kuma ban ga laifin kowa ba. Wa zai ɗauki nauyin ta faɗo masa a hanya? Ta ce, "Matsorata! Rigunan fata a jikin tumaki!" Ta juya wa bango fuska, ta daina cin abinci. Ban taɓa ganin Olaya shiru ba sai lokacin, kuma shirun ya fi ciwon ba ni tsoro.

Wata safiya ina zaune wurinta, Inna Telva na kicin, sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Olaya ta buɗe ido ta ce, "Wannan hannun na san shi." Ya shigo ba kaki, hular kwano biyu a hannunsa. Ya tsaya a ƙarshen gado kamar wanda ya zo karɓar hukunci.

Ta ce, "Kamu ka zo yi?"

Ya ce, "Kaka ta ce kina neman direba."

Ta ce, "Likita ya hana. Ba kai ne mai bin doka ba?"

Ya ce, "Yau ina hutu, Mama."

Ta dubi hula ta biyu da ke hannunsa. Can ta ce, "Sabel, rigata."

Rigar ta yi mata yawa, mutum biyu irinta za su shiga. A nan bakin gado na kama ta da allura, ina ɗinki ina zaginsu su biyun. Ya sungume ta kamar jaririya ya sauka da ita matakala. Ba ta da ƙarfin riƙe shi, sai na ciro ɗamarar fata mai faɗi na ɗaure ta a bayansa, na ja har ta ce, "Ke, kashe ni za ki yi kafin ciwon?" Inna Telva ta fito da ludayi a hannu, ta yi musu alamar gicciye, ta ce, "Idan ka yar mini da 'ya, kada ka dawo." Suka tafi a hankali, kanta a jingine tsakanin kafaɗunsa.

Ban zauna ba har suka dawo. Na share gidan, na sake sharewa, duk motar asibitin da ta yi kuka a nesa sai in ruga bakin taga. Rana ta karkata kafin mu ji su. Ya kwance ɗamarar, ya ɗauko ta, leɓunanta sun yi shuɗi don sanyi, idanunta kuwa kamar na yarinya. Abin da ta fara cewa shi ne, "Yaron nan ya cika kama birki." Ya ce, "Dokar hanya ce, Mama." Ta ce, "Inna, akwai sauran wake?" Ta ci cokali uku ko huɗu, shi ya riƙe mata kwanon.

Bayan ya tafi na tambaye ta, "Kun yi maganar?"

Ta ce, "Wace magana? Iska ta yi yawa, ba a jin komai."

Daga ranar bai sake fashin zuwa ba. Ta ƙofar baya yake shigowa, don kada ya haɗu da ku a sa ta cikin damuwa. Hannunsa ne a cikin nata lokacin da ta cika.

'Yan'uwa, ban ce ku manta da ranar buhunan nan ba, ni ma ban manta ba. Ban san wanda ke da gaskiya tsakaninsu ba, kuma na lura su ma ba su tsaya tantancewa ba. Abin da na sani shi ne, duk cikinmu masu rigunan fata, mutum ɗaya ne ya kai ta Tarna. Wanda zai fita, ga ƙofa nan a buɗe, ba zan riƙe kowa ba.

Pelayo, akwai kujera kusa da kakarka. Tun safe ta ɗora jakarta a kai, ta hana kowa zama. Taho. Ku ba shi hanya. Colas, janye ƙafarka.

Yawwa.

Inna Telva, kin binne miji, yau kin binne 'ya, babu kalmar da za ta kai nauyin wannan. Amma ki sani ba za ki rasa mai hawa matakalarki ba, har sai kin gaji da mu kin kore mu. Pelayo, mun daɗe muna kallonka a karkace. Ba za mu miƙe a rana ɗaya ba, ka yi haƙuri da mu.

Ranki ya daɗe, mun gode. Fada, mun gode, buɗe kunnen. Mun gode wa ma'aikatan jinya da suka jure bakinta, da matan da suka dafa abin da za mu ci, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo.

Allah ya jiƙan Olaya, ya yafe mata kurakuranta, ya karɓe ta da rahamarsa. Allah ya ba Inna Telva ƙarfin zuciya, ya sanyaya wa Pelayo. Allah ya tsare duk wanda zai hau hanya daga nan, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Waɗanda kuma ke gaba da wani nasu, Allah ya ba su ikon ƙwanƙwasa ƙofa tun mai buɗewa yana nan. Amin.