Kada a Rataya Sunansa a Fadama

"Ki gajarta, kuma don girman Allah ki bar maganar gada." Abin da mai gabatarwa ya raɗa mini ke nan a gindin matakala, yana miƙo mini makirufo. Na gode masa da shawara. Rabin farko zan ƙoƙarta.

Mai girma shugaban gunduma, 'yan majalisarsa, babban injiniyan ayyuka, shugaban ƙungiyar masu tifa wanda aka ce shi ya kawo kujerun da muke zaune a kai, shugaban makarantar nan da malamanta, tsofaffin ɗalibai 'yan'uwana. Sai ke Mama, matar marigayi, da 'ya'yansa, Yaya Babba da ƙannensa, da aka samar wa wuri a layi na uku. Ina gaishe ku duka.

An zaɓe ni in yi magana a kan mutumin da muke kira Malam Taswira, don ni ce ɗalibarsa da ta je jami'a ta karanci ruwa da ƙasa. Ina jin an ɗauka a can an koya mini yin shiru.

Ya kasance malamin da allo ba ya isarsa. Ranar farko a ajinsa ya tasa mu gaba har kan dutsen gabas, muna haki cikin takalman roba. Ya ce, "Ku duba ƙasa. Me kuka gani?" Wani ya ce gari. Wata ta ce ga gidansu can. Ya ce, "Ni kwano na gani. Duwatsu su ne baki, kogi shi ne gindi. Ɗigon ruwan da ya faɗo a kan dutsen nan, ina zai nufa?" Muka ce ƙasa. "Ku kuma ina kuke kwana?" Muka sake duban ƙasa. Ya ce, "Madalla. Karatun bana ya ƙare, saura na cin jarrabawa."

A bakinsa muka ji dalilin da sanyi ke gangarowa ya taru a bakin kogi da safe, da dalilin da ruwa zai zuba a ƙauyukan yamma alhali matan gabas ba su ko kwashe shanya ba. Ya kasance yana jin haushin birai kamar kowa, don sun sha cinye masa gwanda, amma in ka zage su a gabansa sai ya tambaye ka wa ya sare kurmin da suke ci. Mu ne aji na ƙarshe da ya nuna wa dorina a tafkin da ke ƙasan gada. 'Ya'yanmu a littafi suke ganinta. Tawa 'yar ta tambaye ni ko saniya ce da ta yi ƙiba.

Ya kasance mai taurin kai, kada mu yi masa ƙarya don ya mutu. Ka ce masa ina gajiya, ya tsare ka da bayanin zaizayar ƙasa har abincinka ya huce. Mama shaida ce.

Lokacin da ya zo garin nan, gidaje a jikin tudu suke. Muka hayayyafa, baƙi suka ƙaru, kuma bai taɓa ƙin wannan ba. Cewa yake tudu na da wurin kowa. Amma tudu dutse ne, haƙa tushe a cikinsa sai an yi gumi, fadama kuwa shimfiɗe take, ga taushi. Sai mu mutanen kwari muka fito da wata dabara da ban gani a ko'ina ba. Da rani in kogi ya janye, mu kwashi yashinsa mu buga bulo, mu je mu gina gida a hanyarsa. Kuma tunda titi a gada ya tsaya, yashin gindin gada shi ne mafi kusa. Da ƙafafun gadarmu muka gina ɗakunan kwananmu.

Mun gan shi da lemarsa a ƙasan gada da tsakar rana. Direbobin tifa na ihu, "Malam, matsa kada a loda da kai!" Yana cewa, "Ku loda ni, malami ba ya wuyar samu." Ya je ofishin babban injiniya, ga shi nan zaune, in na yi ƙari ya gyara mini. Injiniya ya ce, "Malam, gadar nan fa ta girme ni." Malam ya ce, "Ni ma na girme ka. Dubi yadda ƙafafuna suka koma." Aka yi dariya, aka raka shi har ƙofa cikin mutunci. Mun iya mutunci a garin nan.

Ruwan farko mai ƙarfi na bana ya tafi da gada. Babu kowa a kanta, muka gode Allah, manya suka zo suka ɗauki hoto a bakin ramin. Bayan 'yan kwanaki Malam ya faɗi a lambunsa da safe, rabin jikinsa ya mutu. Asibiti yana tsallaken kogi. Daga ƙofar gidansa ana hango rufinsa. Yaya Babba ya sa shi a mota ya bi hanyar bayan dutse, wadda ke cin rabin yini, Malam ya cika a hanya, kansa a cinyar Mama.

Ban ce an kashe shi ba. Ni mai karatu ce, ina auna magana. Cewa na yi mutum ya shekara da shekaru yana nuna mana rami, muka ci gaba da haƙawa, rannan ramin ya shiga tsakaninsa da likita.

Yanzu ku dubi bayana. Abin da aka lulluɓe da farin ƙyallen nan allo ne na sabuwar unguwar da za a yanka a fadama, ƙasan inda gada take. An riga an kafa turaku. Sunansa ne a kan allon, kuma da na sauka za a kira Mama ta ja igiya.

An ce karramawa ce. Bari in gaya muku aikin da sunan zai yi. Magidanci zai zo daga ƙauye neman fili, ya tsaya yana ɗari-ɗari, don ya ga ciyawar wurin irin ta bakin ruwa ce. Sai ya ɗaga kai ya ga sunan Malam Taswira. Zai ce ai mai sunan nan bai taɓa ƙarya a kan ruwa ba. Zai je ya kwaso matarsa da 'ya'yansa. Da ransa kun kasa sa shi ya ce wurin lafiya ne, shi ne kuka jira bakinsa ya rufu.

Mama, ba ni da hurumin ba ki umarni. A gidanki na ci na sha ina yarinya. Ke kika wanke masa lakar fadamar nan a ƙafar wando shekara da shekaru, kin fi kowa sanin abin da zai ce. Yaya Babba, na san ka gaji, kuma na san an yi ta zarya gidanku da kalamai masu daɗi. Kai ka riƙe sitiyari ran nan. Kada ka bari wani ɗan ya riƙe irinsa.

Mai girma shugaba, in ana son karrama shi, a tsayar da tifa, a cire turakun nan, a mayar mana da gada. Ko ba a sa mata sunan kowa ba za mu haye.

Na gode wa masu shirya taro da suka ba ni dama, na kuma san ba za su sake ba. Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma ya sa mana jin kunya, tun kafin damina ta dawo.

Ga waɗanda takardar nan za ta iske ba su halarta ba: da na sauko babu wanda ya tafa. Mai gabatarwa ya ruga layi na uku da igiyar a hannu, yana murmushi. "Mama, bismillah, ja kawai za ki yi." Ta miƙe a hankali, ta gyara mayafi, ta dubi igiyar, ta dubi layin gaba.

"Ɗana, kai wa mai tifa," ta ce. "Shi ya yi aikin, a sa sunansa."

Ta kama hannuna, Yaya Babba ya ɗauko mata jaka, muka bi tsakiyar kujeru muka fita. Ni ce ta ƙarshe, sai na ja ƙofar na rufe.