Tartsatsi a Falwayar Gonar Baba

Furera: Salamu alaikum. Yaya Kamaruddeen, ina wuni?

Kamaruddeen: Wa alaikumus salam. Furera ce? Lafiya lau. Ya mutanen Minjibir?

Furera: Lafiya ƙalau. Ya Bacirawa? Ya Anti Tahira da yara?

Kamaruddeen: Duk lafiya. Ya aikin kaka? Ina maigidan naki, Nababa?

Furera: Yana nan.

Kamaruddeen: Ƙafar Inna fa?

Furera: Da sauƙi.

Kamaruddeen: Baba?

Furera: Yaya... kana wajen aiki ne?

Kamaruddeen: Baba na tambaye ki.

Furera: Yana asibiti. Hannuwansa ne suka ƙone.

Kamaruddeen: Suka me? Muryarki na yankewa!

Furera: Suka ƙone! Jiya da azahar wayar lantarki ta tsinke, ta faɗo kan dawar da ya tara a gindin falwaya, ta kama da wuta. Dami sittin da biyu, Yaya. Ya shiga cikin gobarar yana janyowa da hannu. Huɗu ya fitar.

Kamaruddeen: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Abincin shekara guda! Ba dai falwayar da na nuna masa da Sallah ba? Wadda na ce wayarta na gugar darbejiya?

Furera: Ita ce. Sati uku tana tartsatsi, tana wata ƙara kamar an zuba ruwa a mai.

Kamaruddeen: Sati uku? Furera, aikina ke nan fa! Kullum ina kan falwayar wasu, ta gidanmu tana tartsatsi ba wanda ya kira ni?

Furera: Baba ne ya hana. A ƙofar masallaci aka yi shawara, gari duka. Ka manta bara? Da aka kai ƙara, ma'aikatanku suka ɗauke taransifoma wai gyara, wata bakwai ba mu gan ta ba. Burtsatse ta tsaya, injin niƙa ya tsaya, mu ne har gari na gaba da ƙwarya a ka.

Kamaruddeen: Ai ni da an gaya wa...

Furera: Ya ce kai ma kar a gaya maka. Wai kai ma nasu ne.

Kamaruddeen: Baba ne ya faɗi haka?

Furera: Shi ne. Yaya? Kana nan?

Kamaruddeen: Ina nan. Wallahi wannan ta fi min gobarar ciwo. A birni akwai na'urar da ke nuna mana inda waya ta yi zafi tun ba ta tsinke ba. A wajenku ba mu da komai sai idonku. Aikin rabin awa ne, Furera, a sare reshe a ɗaure waya.

Furera: To ya riga ya faru. Ka zo dai, Baba yana ta kallon ƙofa. Cajina ma ya kusa ƙarewa, tun jiya aka ɗauke wuta.

Kamaruddeen: Tsaya. An sanar da ofishinmu wayar ta tsinke?

Furera: Wa zai sanar? Tana nan kwance a gona. Nababa ya aro tsani, yanzu ya fita, zai mayar da ita kafin mutanenku su gani.

Kamaruddeen: Zai me?

Furera: Ai babu wuta a jikinta. Kuma ya sa takalmin roba.

Kamaruddeen: Ke! Ofis ba su san ta tsinke ba, ko yanzu suna iya dawo da wuta! Ki bi shi da gudu, ki ce kar ya taɓa ta!

Furera: Na ce masa me? Yaya, ba na jin ka, wayar na...

Kamaruddeen: Kar ya taɓa! Furera? Furera!